Rami na Tara, Inda Auwalu Ya Bar Su

Shekara bakwai ke nan da rasuwar jikana Auwalu. Ni ba da kalanda nake ƙirga ba. Damina bakwai ta zuba a kan kabarinsa, kuma kowace ta zo sai gwiwoyina sun sanar da ni kafin hadari ya haɗu.

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ina faɗa ne, 'yata Asabe tana rubutawa. Ita ta haife shi. Ɗan farinta ne, shi ya sa tun da aka yaye shi aka kawo mini shi nan Bukuru, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bakinta bai taɓa kiran sunansa ba. Yau da na ce ta rubuta sunan, sai da ta ajiye biro ta fita tsakar gida ta jima, sannan ta dawo. Na ce mata hannu ne zai rubuta, ba baki ba. Ta rubuta.

Ba ta'aziyya na zo karɓa a wurinku ba, masu karatu. An yi mini ita a kan lokaci, Allah ya ba da lada. Cigiya na zo yi. Wani abu ya ɓace mini, kwanakin nemansa kuma sun ƙure. Amma ba za ku gane abin ba sai na ɗauko muku zancen daga tushe.

Auwalu da ciwon sikila aka haife shi. Wanda ya san sanyin garin nan ya san abin da wannan ke nufi. Sa'o'insa suna waje suna ƙwallo, shi yana ɗakina a nannaɗe cikin bargo kusa da kaskon wuta. Ni kuma abin da nake da shi biyu ne, tandar masa da tatsuniya. Masar na sayar, tatsuniyar na ba shi. A cikin duk tatsuniyoyina akwai ɗaya da ban taɓa jin ta a bakin kowa ba sai uwata, Allah ya jiƙanta. Uwata 'yar kwano ce a ramukan kuza tun zamanin Turawa, ta ɗauki ƙasa a ka har tsakiyar kanta ya daina fitar da gashi. Labarin wata yarinya ne, ita ma 'yar kwano, wadda kwanonta ya suɓuce ya faɗa rami. Ta ji tsoron komawa gaban shugaban lebura hannu wofi, sai ta sauka nemansa. Ashe ƙarƙashin ramin akwai wani rami, ƙarƙashin wannan akwai wani, har tara. Ashe kuma akwai mutane a can ƙasa, ƙasar da muke takawa ita ce samansu. Duk ramin da aka haƙa a nan, huda ce aka yi a rufin garinsu. Koren ruwan nan da kuke gani kwance a kududdufan kuza, yoyo yake yi musu har gobe.

Tatsuniya ce mai tsawo. Yara ba sa kai ƙarshenta. Asabe ba ta taɓa wuce rami na biyar ba, sai barci ya ɗauke ta. Auwalu, in magani bai kwantar da shi ba, yakan kai na shida. Ni kaina sau biyu ko uku na ji ƙarshen a bakin uwata, ina yarinya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ana nan, ana nan, yaro ya girma. Ya yi karatu a daddafe, wata ɗaya a aji, wata ɗaya a gado, ya koyi aikin kwamfuta. Na riƙa ganinsa a gaban baƙin allo mai farin rubutu, yana ta danne-danne yana dariya shi kaɗai. Na ɗauka wasiƙa yake wa wata yarinya. Wata rana da hantsi na leƙa na ce, "Maigida, wace ce za ta raba ni da kai?"

Ya ce, "Amarya, kwantar da hankalinki. Gari nake ginawa."

Na ce, "Ina bulon?"

Ya ce, "Yana bakinki. Zauna in karanta miki."

Ya karanta. Sai na ji bakin ramin uwata, da koren ruwan, da igiyar da yarinyar ta ɗaura a jikin dutse. Na ce wa ya ba ka izini. Ya ce ai kayan matarsa nasa ne.

Yadda ake yin abin, kamar yadda ya koya mini, ga shi. Mutum yana zaune a ɗakinsa, ko a nan Bukuru, ko a Daɗin Kowa, ko a wani gari mai nisa, sai ya shiga ta wayarsa. Na'ura ta tambaye shi sunan da yake so da sana'ar da yake so, ko maƙeri, ko mafarauci, ko ungozoma, ko ɗan kwano. Daga nan ta rubuta masa inda yake tsaye. Ta ce kana bakin rami, ruwa a gabanka, hanya ta yi gabas, wata ta yi kudu. Shi kuma ya rubuta abin da zai yi. In ya rubuta duba, ta faɗa masa abin da ke wurin. In ya rubuta gabas, ya yi taku ɗaya gabas. In ya rubuta ɗauki igiya, igiya ta shiga jakarsa. In akwai wani mutum a wurin, suna iya magana, su tafi tare. Ba hoto, ba kiɗa. Idon ciki ne yake gani, kamar dai yaran da ke zaune gabana a kan tabarma. Sunan wasan Rami Tara.

Kowane mai wasa abu uku ake auna masa: ƙarfi, numfashi, da mutunci. Ƙarfi na faɗa ne da ɗaukar kaya. Numfashi yana raguwa da tafiya, kuma ba ya dawowa sai ka ci abincin da wani ya dafa maka. Naka na kanka, ko tukunya guda ka cinye, ba ya ƙara maka komai. Mutunci kuwa da gaisuwa ake tara shi. A garin Auwalu komai ana gaishe shi, mutum, kare, dutse, ƙofa, kuma komai yana amsawa. Wanda ya zare wuƙa kafin ya yi sallama, mutuncinsa ya zube, kuma hanyoyin ƙasa ba sa buɗuwa da ƙarfi. Samari da suka saba wasannin harbe-harbe suka shigo da zafinsu, suka yi wata guda suna zagaye a rami na farko suna zaginsa. Yana karanta mini zagin yana riƙe ciki don dariya. Ya ce, "Amarya, wannan ya kashe kura bakwai, amma har yanzu bai ce wa mai gadin ƙofa ina kwana ba."

In abu ya zo da shakka, ko kibiya za ta samu ko ba za ta samu ba, sai na'ura ta watsa wuri, irin na kuɗin da, a ga yadda ya faɗi. Na ce masa wannan caca ce, ba a gidana ba. Ya ce a caca ana tashi da wani abu, a nan ko tsinke ba a tashi da shi. Ni dai ban ce na yarda ba.

Daga rami na huɗu zuwa ƙasa duhu ne, kowa da fitilarsa. Kowane taku yana shan ɗigon mai ɗaya. Amma in ka tsaya wuri ɗaya, ko shekara za ka yi, fitilarka ba ta mutuwa. Na ce masa wace irin fitila ce wannan, ai tawa ko a zaune take shan kananzir take yi. Ya ce shi ya san zaman wuri ɗaya, ba zai hukunta mai zama ba. Ban sake tambayarsa ba.

Dokar farko ta garin, wadda kowa yake karantawa kafin ya shiga, ita ce wannan: abin da Kaka ba ta faɗa ba, babu shi. Ni ce Kakar. Yakan zauna ya tsare ni da tambaya. Mutanen rami na uku me suke ci? Wace irin kasuwa ce tasu? In gaya masa yadda uwata ta faɗa, cewa a can ba a ciniki sai da labari, ka ba su wanda ba su taɓa ji ba su ba ka gishiri. Kogin rami na biyar fa? In ce ba ya tsayawa sai ka juya masa baya, da baya ake ƙetare shi. In ya tambayi abin da ban sani ba, in ce uwata ba ta faɗa ba. To, haka zai bar wurin. Mai wasa in ya tambaya, na'ura ta ce masa ba wanda ya sani. Bai taɓa cike gurbi da nasa ba, ni ma ban taɓa ba shi abin da ba a ba ni ba.

Rami na bakwai shi ya fi ba shi wuya. Nan ne garin waɗanda ƙasa ta rufta da su a wurin haƙar kuza. Suna nan da diga da kwano, suna ta aiki, ba su san sun mutu ba, suna jiran a busa tashi. Doka a wurin ita ce, duk wanda ya gaya musu, mutuncinsa duka ya zube. Sai dai ka yi musu sannu da aiki ka wuce. Kwana uku Auwalu bai ci abincin kirki ba da yake rubuta wannan wuri. A rami na takwas kuma ba a magana. Na'ura takan kulle bakin kowa, sai dai su riƙe igiya ɗaya su bi juna a duhu.

Rami ɗaya yakan ɗauke shi wata biyar, wata shida, in ciwo ya bari. Ana cikin haka na ce masa ya zo in ba shi ƙarshen gaba ɗaya ya huta. Ya toshe kunne. Ya ce, "Kar ki faɗa. In na sani, hannuna zai tona asiri tun a hanya. Sai sun isa, mu ji tare."

Ku da kuke Jos kun san yadda garin nan ya koma. Akwai unguwannin da na yi tallan masa a cikinsu ina budurwa, yau ko jikana ba zan aika ba. Su ma can haka suke ji da namu. Amma a cikin Rami Tara, ɗan wannan unguwa yana dafa wa ɗan waccan abinci, don in bai dafa ba, shi ma ba mai dafa masa. Auwalu ya ce a ƙasa ba a tambayar mutum unguwarsu. Na ce Allah ya sa a saman ma a daina. Bai ce amin da ƙarfi ba.

Ranar wata Laraba ce, bayan azahar, tsakiyar damina. Ina tsakar gida ina wanke shinkafar masa. Ya fito cikin rigar sanyi biyu, fuskarsa kamar an yi masa albishir. Ya ce, "Amarya, mutanenki sun iso. Su goma sha ɗaya, suna tsaye a ƙofar rami na tara. Yau za ki ba ni."

Na ce, "Da tsakar ranar nan? Miji ba cefane, sai neman labari."

Ya ce, "Ai na san maganin. Ki cire gashin ido ɗaya ki sa a ka, shi ke nan."

Gaskiya ya faɗa, haka ake yi in dole ta kama. Amma hannuna a jiƙe yake, bayana yana ciwo, kuma ni tun da nake ban taɓa yin tatsuniya da rana ba. Na ce, "Gashin idon nawa guda nawa ya rage? Wanda ya ji tatsuniya da rana ɓata yake yi a hanya. Jeka, sai bayan isha'i."

Ya ce, "Ni da ba na zuwa ko'ina, ina zan ɓata?"

Ya yi dariya ya koma ɗaki. Na ji ƙarar danne-dannensa kaɗan, sai shiru. Da la'asar ruwa ya sauko da iska mai sanyi. Kafin magariba ciwon ya kama ƙirjinsa, aka nemo mota aka kai shi asibiti. Washegari da ya ɗan farfaɗo, na matsa kusa da kunnensa na ce bari in ba ka yanzu, rana ko ba rana ba. Ya girgiza kai. Ya ce a bari mu koma gida, a nan ba shi da abin rubutu. Ranar Juma'a da hantsi ya cika. Shekararsa ashirin da shida.

Daga wannan rana bakina ya rufe. Jikoki su zo su ce Kaka tatsuniya, in ce ta ƙare. Ban yi rantsuwa ba, amma kamar na yi.

Ranar sadakar arba'in wata mata ta yi sallama, ta rufe kanta da ɗan gyale irin na wadda ba ta saba ba. Ta durƙusa ta ce sunanta Rifkatu, ma'aikaciyar gwamnati ce, daga Gada Biyu take, mota biyu ta hau. Ta ajiye ƙullin acca a gabana. Ta ce shekara huɗu tana tare da Auwalu kullum, amma ba ta taɓa ganin fuskarsa ba sai a hoton da ke jikin bangona. A cikin wasan ita maƙeriya ce. Ita ya ba mabuɗin garin, don ta riƙa kula da shi duk lokacin da aka kwantar da shi. Ta ce, "Kaka, oganmu ya ce ƙarshen yana wurinki. Ni zan iya rubutawa, ya koya mini. Amma sai kin faɗa."

Na ce mata, 'yar nan, wanda zan ba ya tafi. Ta ce to. Ba ta ƙara ba.

Kowace shekara in lokacin ya zagayo sai ta zo da accarta. Mu gaisa, ta ci masa, ta tambayi gwiwata, ta tafi kafin la'asar don ta isa gida da haske. Shekara shida ba ta sake ɗauko zancen ba. Ni ce ma wani lokaci nakan ce, mutanen naku fa? Ta ce suna nan tsaye. Shekara ta biyu ta ce sun koma takwas. Ta huɗu ta ce huɗu. Wannan ya yi aure, wancan ya bar ƙasar, wani ya ce shi ya gaji da kallon ƙofa. Sababbi ba sa zuwa. Ta ce yaran yanzu ba sa karanta abin da ya wuce layi biyu, hoto mai motsi suke so, su ture wannan da yatsa su ga na gaba.

Nakan zauna in ce, da Auwalu zai leƙo yau, me zai ce? Zai ga samari sun koma haƙar kuza da hannu a bayan gari, don ba wani aikin, ƙasa kuma ba ta daina halinta ba. Zai ce rami na bakwai yana ƙara cika. Zai ga unguwannin nan yadda ya bar su, sai ma abin da ya ƙaru. Rifkatu ta ce yanzu har akwai na'urar da ake ce wa ta ƙirƙiro labari, ta ƙirƙiro kafin ka ɗaga kofi. Ɗaya daga cikin masu wasan ya ce a ba ta rami takwas ta fitar da na tara a huta. Rifkatu ta ƙi, suka yi faɗa, ya fita bai dawo ba. Na san abin da Auwalu zai tambaya. Zai ce, ita na'urar, wace ce uwarta, a wane rami ta ɗauki kwano? Amma ban sani ba ko akwai sauran mai sauraren irin wannan tambaya.

Bana Rifkatu ta zo tun kafin lokacinta, ba acca a hannunta. Ta ce masu wurin da garin Auwalu yake zaune a kai a intanet sun aiko da sanarwa, za su rufe irin waɗannan tsofaffin wurare a ƙarshen shekara. Ta nemi masu ilimin abin, sun ce rubutun za a iya kwashe shi a ajiye, amma garin ba zai ƙara amsa wa kowa ba. Ta ce a bakin ƙofa ita kaɗai ta rage, man fitilarta na taku ɗaya ne. Sannan ta ce, "Kaka, akwai abin da na ɓoye miki shekara bakwai. Ki yafe mini. Kin san komai ana gaishe shi a can. To, ƙofar ma tana amsawa."

Ta ciro waya ta rubuta gaisuwa. Ta karanta mini abin da ƙofar ta ce, abin da ya rubuta ranar Larabar nan da ya koma ɗaki:

"Lafiya lau, baƙi, sannunku da hanya. Amaryata ta ce ba a tatsuniya da rana. Ku jira dare ya yi, yanzu zan dawo."

Da na dawo hayyacina na ce wa Asabe ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Rana tana tsaka. Na sa yatsa na tsinke gashin idona na sa a ka. Na ce wa Rifkatu ta shirya hannunta. Na buɗe tatsuniya yadda ake buɗewa, suka amsa yadda ake amsawa, Rifkatu ma ta iya. Na ɗauko yarinya daga bakin rami. Na sauke ta na farko, na biyu, na ratsa da ita kasuwa, na ƙetare da ita kogi da baya. Muryata ta dawo kamar ba ta taɓa tafiya ba. Muka yi wa matattu sannu da aiki. Muka bi igiya a rami na takwas. Na kawo ta bakin ƙofa, ta ɗaga hannu za ta tura.

Sai na tarar ba komai.

Ba wai ƙarshen ya rikice mini ba ne. Babu shi. Kamar ka shiga ɗakin da ka ajiye tukunya shekara da shekaru, ka tarar da zagayen gindinta kawai a ƙasa. Na koma baya na sake tahowa, na sake tsayawa a wurin. Kwana uku Rifkatu tana zuwa, kwana uku ina kai yarinyar nan bakin ƙofa ina tsayawa. Abin da na tuna kaɗan ne. Na tuna uwata takan rage murya a wurin. Na tuna kwanon yana ciki, amma ban san a hannun wa ba. Na tuna takan share ido da bakin zani in ta gama, amma ko na dariya ne ko na kuka, wallahi ban sani ba. Ranar da nake kusa da kunnensa a asibiti ƙarshen yana nan a bakina cif. Na rufe bakin don in adana shi, ashe a rufen ya lalace.

Rana ta uku Rifkatu ta ajiye waya a cinyarta ta ce, "Kaka, doka ta ce abin da kika faɗa shi ne. Ko me kika faɗa yanzu, zan rubuta. Ba wanda zai sani."

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta raya mini. Ni da na yi shekara sittin ina tatsuniya, ƙarshe goma zan iya ɗinka mata kafin ruwa ya tafasa. A ba yarinya kwanonta cike da zinariya, ko a aurar da ita ga sarkin ƙasa, ko ta tura ƙofa ta ga tsakar gidansu. Har na buɗe baki. Sai na tuna duk wuraren da na ce masa uwata ba ta faɗa ba, ya bar su wofi bai sa ko kalma ɗaya ba, alhali ya fi ni iya tsara magana. Shekara huɗu yaron nan yana tsare mini amanar uwata. Kuma wannan wurin uwata ta faɗa. An ba ni, ni na yar. In na ɗinka wani na saka, na binne nata ke nan da hannuna, na kuma yi wa Auwalu ƙarya a cikin garinsa. Na ce wa Rifkatu ba zan iya ba. Ta ce ta sani, ta dai faɗa ne.

Na nema. Ƙanwata da muka ji tare ta rasu tun kafin Auwalu. Tsofaffin da suka ɗauki kwano da uwata ba saura, 'ya'yansu da na samu biyu ne, ɗaya ba ta ji, ɗaya ta ce ita uwarta waƙa take yi, ba tatsuniya ba. To, ga cigiyata. In akwai tsoho ko tsohuwa a Filato, ko wanda kakarsa ta zauna a barikin kuza, da ya taɓa jin labarin yarinyar da ta bi kwanonta rami tara, kuma barci bai ɗauke shi ba har ƙarshe, ya zo Bukuru ya tambayi gidan tsohuwa mai masa da ta daina tatsuniya. Ko da rana ya zo zan saurara. Amma kada wani ya ji tausayina ya ɗinko ya kawo. Zan gane. Abin da na manta, in na ji shi zan san shi.

Na faɗa ne don in sauke nauyi, ba don ina sa rai ba. Na san shekaruna, na san kuma su wa suka rage.

Asabe ta tambaye ni, to me ya saura na yaron nan? Na yi ta juya tambayar. Bai bar ɗa ba, bai bar gida ba. Rigunan sanyinsa an rabar. Garin da ya gina, watanni kaɗan suka rage masa. Mutanen da ya haɗa a kan tukunya ɗaya sun watse, kowa ya koma unguwarsu. Abin da na gani ya saura shi ne mace ɗaya da ke hawa mota biyu daga Gada Biyu ta zo ta ci masa a gidan da ba danginta ba, da kuma layi uku na maganarsa a jikin wata ƙofa. Matar za ta ci gaba da zuwa har in mutu, na san halinta. Layukan kuwa ba za su ga sabuwar shekara ba. Ko wannan ya isa a ce mutum ya bar wani abu, ku da kuka yi karatu ku auna. Ni a ma'aunina bai cika ba.

Jiya ta zo. Da za ta tafi na ce ta ciro wayar ta rubuta masa saƙo daga bakina. Ta ce me zan rubuta, Kaka. Na ce rubuta, Auwalu, ga amaryarka, dare ya yi. Ta rubuta. Ta daɗe tana kallon wayar. Na ce me ya ce. Ta ce na'ura ce ta amsa, ta ce ba ta gane wannan umarni ba, a gwada wata kalma.

Na ce to, gaishe mini da ƙofar.

Ta gaishe ta. Ya ce mu jira, yanzu zai dawo.